Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiya

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana kamar yadda aka saba, ban da na cikin azumi.

Babban aikin bana shi ne ranar gwajin shafukan bayanai na intanet, kuma alhamdu lillahi ya yi armashi. Mun ɗauki shafuka uku da masu binciken birnin Yamai suka fi shiga, kowanne mutum biyar suka gwada shi, don da mutum biyar galibin matsaloli kan fito fili. Akwai ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, akwai masu aikin taswira, wasu da waya wasu da kwamfuta. Kowa an ba shi aiki uku a takarda: ya nemo yawan jama'ar kwamin ta 5 bisa ƙidayar 2012, ya sauke iyakokin kwamin biyar na birnin ya buɗe su a QGIS, manhajar aikin taswira, sannan ya gano unguwannin bakin kogi da ambaliyar 2020 ta ci, irin su Saga da Lamorde. Mai gwaji yana faɗin abin da yake tunani a bayyane, mai lura yana rubuta mintin da aikin ya ci da inda aka maƙale, kuma ba ya sa baki ko an roƙe shi. Daga ƙarshe kowa ya amsa tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani da shafi, mai maki daga 0 zuwa 100, wanda 68 ne matsakaicinsa.

Bayanan suna nan, kaiwa gare su ne aiki. Ka rubuta sunan unguwar Koira Kano a wurin nema a ce babu, alhali an ajiye sunan a Kouara Kano. Fayil ɗin CSV, wato jadawalin alƙaluma, da aka raba da waƙafi, in ya shiga Excel na Faransanci sai duk lambobin su zube a layin tsaye ɗaya, saboda shi waƙafi mai ɗigo yake jira. Masu sauke taswira sun ɗauki fayil ɗin .shp kawai suka bar ƴan rakiyarsa .shx da .dbf, ba abin da ya gargaɗe su cewa tare suke tafiya. Inda babu .prj kuwa, wato fayil ɗin da ke nuna mazaunin taswira a doron ƙasa, taswirar ta faɗa wani waje dabam, sai da aka sa mata UTM 31N, tsarin ma'aunin wuri na yankin Yamai, da hannu. Wasu alƙaluman an kulle su cikin PDF, ba shekarar da aka tattara su. A waya, taswira tana cinye mega kafin ta gama buɗewa, wannan ne ya fi ba mu takaici, don yawancin ɗalibanmu da waya suke aiki.

Ana ta tambaya ina jagorar Hausa da Zabarmanci da aka yi alkawari, ina zagaye na biyu na gwajin, ina tafiyar Tahoua. Biro bai yi barci ba. Hayar ɗaki, man janareta da kuɗin intanet na rana ɗayan nan sun kwashe abin da ke asusu, har ma'aji ya cika daga aljihunsa, kuma ba a mayar masa ba tukuna. Kuɗin wata jikka ɗaya ne, amma sai an bi mutum har gida. Jagorar kuma ba ta rubutuwa sai an juye muryoyin masu gwaji da aka naɗa zuwa takarda, waɗanda suka karɓi aikin sun yi shiru tun damina. Ba a aika wa masu shafi sakamako rabi da rabi, shi ya sa wasiƙun da za a aika musu suke ajiye.

Masu yawan shawara a WhatsApp, a taro muke son ganinku. Duk wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin babban taro, wanda kuma ke riƙe da naɗin murya ya kawo shi, ko ya juye ko bai juye ba, a ba wani.

Sakataren ƙungiya