Amsa ga Rabaran da ya tambaye ni kunci nawa ya rage mana

Ɗan'uwana Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Tambayar da ka jefo mini a gaban matasa ta iso ni. Ka ce mun juya kunci na farko, mun juya na biyu, saura wanne? Ka ƙara da cewa duk faston da ke wa'azin salama a Filato yau, ko dai bai taɓa binne nasa ba, ko kuwa an cika masa aljihu.

Zancen aljihu ba zai ɓata mini lokaci ba, dattawan ikkilisiyata suna nan, ka tambaye su. Zancen binnewa ne ya ci mini rai. Na tsaya bakin rami guda da aka jera membobina a ciki, an naɗe su da zannuwa saboda babu akwati, zumuntar mata na waƙa kuka na sarƙe su. Kana cikin waɗanda suka zo mana gaisuwa. Da saninka ka faɗi akasin haka, don ka ga ta nan ake samun tafi, kuma wannan bai kamaci mai riƙe da Littafi Mai Tsarki ba.

Kunci na uku da kake nufi, an gwada shi a Yelwa ta Shendam, nan Filato. A Fabrairun 2004 aka kashe Kiristoci fiye da 70, da dama a cikin majami'ar COCIN. A farkon Mayu namu suka rama, Musulmi sama da 600 suka mutu. Kwana goma ba a yi ba Kano ta kama, aka kashe fiye da mutum 200, akasari Kiristocin da ba su taɓa taka Yelwa ba. Ramuwar nan, wa ta tsare?

Ban taɓa ce wa magidanci ya naɗe hannu ana shigar masa gida ba. Amma tsare ƙofarka daban, tare hanya a fito da matafiyi daga mota saboda sunansa daban. Matasan da ke yin na biyun, Lahadin da ta gabata suna zaune gabanmu. Mu ke kan bagadi, mu za a tambaya. Daren da aka kama Yesu, Bitrus na da hujjar da ta fi tamu, duk da haka aka ce ya mai da takobi kube.

Fasto James Wuye ya ja matasa faɗa a Kaduna, ya rasa hannunsa na dama a 1992, daga baya ya zauna da Imam Muhammad Ashafa suka kafa cibiyar sasanci. Shi ma matsoraci ne? Ikkilisiyar 'Yan'uwa fa? Yawancin 'yan matan Chibok nata ne, Boko Haram ta ƙwace hedikwatarta ta Kwarhi a 2014, an kashe Rabaran Lawan Andimi a 2020, amma ba ta canja koyarwarta ta salama ba.

Na kuma ji kana murna tun da Trump ya yi barazanar turo sojoji a Nuwamban 2025. A Oktoban 2002 Richard Land da wasu manyan masu bishara huɗu na Amurka sun rubuta wa Bush cewa yaƙin Iraƙi halal ne. Kiristocin Iraƙi sun haura miliyan ɗaya a lokacin. Yau ba su kai dubu 300 ba, kuma ba masu wasiƙar aka kora daga Mosul ba.

Fushinka yana da wurin zuwa. Kwamitin Niki Tobi ya binciki rikicin Jos na 2001, na Bola Ajibola ya binciki na 2008, har yau gwauraye da marayu na jiran hukunci. Hukuma Allah ya damƙa wa takobi, ita ce ta gaza mana, mu kuma shugabannin coci mun fi zafin baki a jana'iza fiye da a ofishin gwamna. Idan ka shirya mu je mu tambaye su inda rahotannin nan suka kwana, ka sa rana, zan zo da dattawana.

Naka cikin hidima,
Wani fasto daga Filato