Wasiƙar Godiya ga Hukumar Cadw ta Ƙasar Wales

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Cadw, hukumar kula da wuraren tarihi ta Wales,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a kan abin da idona ya gani a ƙauyen Derwen da ke gundumar Denbighshire.

A harabar tsohuwar cocin ƙauyen, tsakiyar kaburbura, akwai gicciye na dutse da aka sassaƙa tun ƙarni na 15, kuma ku ke kula da shi. Abin da ya tsayar da ni shi ne kansa yana nan daram. Irin waɗannan gicciye da yawa an farfasa kawunansu a rikicin addini na ƙarni na 16 da na 17, sai gindi da matakala suka saura. Na Derwen kuwa, duk da ruwa da iska sun cinye fuskokin da aka sassaƙa, na gane Mala'ika Mika'ilu riƙe da sikeli. Na daɗe ina zagaya shi, ba wanda ya ce in biya ko sisi.

Ni Musulmi ne, ba ibada ta kai ni ba. Amma na san darajar riƙon amana, kuma na ga kun riƙe. Kun bar dutsen inda masu shi suka kafa shi, kuka kewaye shi da doka maimakon katanga. Duk abin tarihin da ya shiga rajistar kariya, ba mai gyara shi ko matsar da shi sai da izini a rubuce, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ne. Wannan ya fi burge ni, don sau da yawa mai gyara kan yi ɓarnar da ta fi ta mai rushewa.

Haka na tarar a ƙauyen Nevern da ke gundumar Pembrokeshire, inda gicciye mai tsawon kusan mita 4 yake tsaye gefen coci shekara wajen 1,000, jikinsa duk zanen saƙa kamar tabarma.

Sunanku a harshen mutanen Wales yana nufin kiyayewa, kuma tun 1984 kuke wannan aiki. Sannunku da ƙoƙari. Ku isar da gaisuwata ga magina da masu sassaƙar da ke fita cikin sanyi suna duba duwatsun nan. Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa.

Naku da girmamawa,
Wani Bakano mazaunin Cardiff