Dubiyar Mako Guda Ba Ta Isar Mai Ciwon Daji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan yadda muke dubiyar masu ciwon daji a birnin Kano, bayan da na shafe wata 14 ina jinyar yayata mai fama da sankarar mama.

A makon da aka yi mata aiki gidanmu bai rabu da jama'a ba, kowa da ledar lemo da ayaba, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai wahalar ta gaske ta zo ne daga baya, lokacin da aka fara yi mata ƙarin ruwan magani duk bayan mako 3, sumar kanta ta zube, amai ya hana ta shan ko da kunu, sannan aka tura mu asibitin Shika da ke Zariya domin a gasa wurin ciwon da na'ura, a daidai lokacin da ƙafar masu dubiya ta ɗauke.

Cikin kaɗan da suka ci gaba da zuwa, akwai waɗanda gara a ce sun yi zamansu. Wata ta ce mata daji ba ya son ƙarfe, don haka ta bar asibiti ta koma wajen mai magani. Wata ta rantse jifa ne. Wata kuma ta zauna a bakin gadonta tana lissafa mata matan da cutar ta kashe. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar da ta lura an ware mata kofi da kwano, alhali ba a ɗaukar sankara ta hanyar cin abinci ko zama tare.

Wanda ya fi amfanar mu wani maƙwabci ne mai adaidaita sahu, wanda ya riƙa kai mu asibiti bayan sallar asuba ba tare da ya karɓi ko sisi ba, sai kuma samarin unguwa biyu da suka ba da jini ranar da nata ya yi ƙasa. Irin wannan nake roƙon dangi su tsara tun farko: a raba kwanakin kwana da mara lafiya, a san mai kai yaranta makaranta, a kuma tara kuɗin magani wata-wata.

Ina kira ga limamanmu su taɓo wannan a huɗubar Juma'a, musamman batun mazan da ke mayar da matansu gidan iyayensu da zarar an cire musu mama, ita kuma Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano ta ware wa irin waɗannan marasa lafiya kaso. Asibitoci ma su riƙa haɗa sababbin marasa lafiya da waɗanda suka samu sauƙi, domin yayata ba ta yarda za ta tashi ba sai da wata baiwar Allah a layin ganin likita ta zame ɗankwalinta ta nuna mata sumar da ta sake tsirowa.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
Unguwar Gwammaja, Kano.