Wasiƙar Godiya Ga Ofishin Akantocin Da Suka Shirya Ƙungiyarmu Don Neman Tallafi

Zuwa ga Shugaba da ɗaukacin ma'aikatan ofishin akantoci da binciken kuɗi da ke kan Titin Gidan Zoo, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa ne a madadin amintattu da mambobin ƙungiyarmu, wadda ke koya wa marayu da matan da mazajensu suka rasu sana'ar ɗinki da saƙa a unguwar Kurna, domin mu bayyana godiyarmu a bainar jama'a bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu har Allah Ya sa muka samu tallafinmu na farko daga wata gidauniya ta cikin gida. Ranka ya daɗe, ka roƙe mu kada mu ambaci sunan ofishin don gudun kada a ɗauki abin a matsayin talla, kuma mun mutunta wannan buƙata. Sai dai yabon gwani ya zama dole, musamman da yake ƙananan ƙungiyoyi irin tamu suna da yawa a cikin birni da kewaye, kuma ya kamata su san cewa akwai ƙwararrun da ke kallon ƙaramar ƙungiya da mutunci, suna faɗa mata gaskiya ko da ba ita take son ji ba.

Kowa da ke harkar ƙungiyoyin sa-kai ya san cewa neman tallafi ya yi wuya fiye da da. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, kuma zuwa ranar 1 ga Yulin shekarar an rufe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana ɗaukar nauyin ayyukan lafiya da ilimi a Arewacin Najeriya. Birtaniya ma ta rage kason agajinta daga kashi 0.7 zuwa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta a 2021, sannan a watan Fabrairun 2025 ta sanar cewa za ta ƙara rage shi zuwa kashi 0.3 daga 2027. Abin da wannan ya haifar a wurinmu shi ne manyan ƙungiyoyi masu ofisoshi a Abuja, waɗanda a da ba sa waiwayar ƙaramin tallafi, yanzu sun dawo suna nemansa tare da mu, kuma suna zuwa da takardunsu a kammale. A cikin wannan yanayi ne muka hau matakalar ofishinku, ba mu da komai sai takardar rajistarmu da kyakkyawar niyya.

Abu na farko da kuka fahimtar da mu shi ne rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, farkon aiki ce. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da aka yi wa rajista da sunan amintattu su riƙa miƙa rahotonsu na shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, kuma mai ba da tallafi yana iya shiga shafin hukumar a intanet ya duba matsayin ƙungiya tun kafin ya karanta layi ɗaya na takardar da ta aika masa. Kun taimaka mana muka daidaita wannan, muka karɓi lambar shaidar haraji ta TIN, muka nemi takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, takardar da bankuna kan tambaya idan ƙungiya za ta buɗe asusu. Kun kuma bayyana mana cewa ko da yake ba a karɓar haraji a kan gudunmawar da ake bai wa ƙungiyar jinƙai, wajibi ne mu cire harajin albashin malaman ɗinkin da muke biya mu miƙa wa hukumar tattara kuɗin shiga ta Jihar Kano. Yanzu asusunmu da sunan ƙungiya yake, kuma ko kwabo ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda aka zauna da Hajiya ma'ajiyarmu. Dattijuwa ce mai riƙon amana, wadda duk abin da ya shigo da wanda ya fita tana rubuta shi a cikin babban littafinta mai baƙin bango, rasiɗan kuma tana adana su a cikin gwangwanin biskit, wasu sun koɗe har rubutun ba ya fita sosai. Wata matashiyar ma'aikaciyarku ta shimfiɗa su a kan tebur, tana ware su wata-wata, tana manna kowane rasiɗi a jikin baucarsa, wato takardar shaidar fitar da kuɗi, kuma duk inda ta ga rasiɗin yadi daga Kantin Kwari wanda babu hatimi ko kwanan wata, sai ta ce, "Mama, wannan a koma wurin mai shagon ya buga masa hatimi, shi ya san ya sayar, ba zai ƙi ba." Ba ta taɓa ɗaga mata murya ba, ba ta kuma nuna mata cewa littafin nata ba shi da amfani ba. Hasali ma daga cikin wannan littafi aka ɗauko duk lissafin da aka shigar a kwamfuta, kuma da aka gwada shi da bayanin asusun banki sai aka ga ya yi daidai. Hajiya ta fito daga ofishinku da ƙarfin gwiwa, yau kuma ita ce ke hana kowa taɓa kuɗi idan babu bauca.

Ranka ya daɗe, akwai wani al'amari da nake ganin shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Yawancin masu ba da tallafi suna neman rahoton binciken kuɗi na shekarun baya, wanda akanta mai lasisi ya sa wa hannu. Kafin mu zo wurinku, wani mutum da ke kiran kansa ƙwararre kan neman tallafi ya yi mana tayin zai samo mana rahotannin shekarun da ba a yi bincike ba, da hatimi da komai, muddin za mu ba shi wani kaso daga duk abin da aka samu. Da muka kawo maka maganar, ba ka yi wata-wata ba ka ce ofishinka ba ya sa hannu a kan lissafin da bai gani ba, kuma ka nuna mana cewa kason da mutumin yake nema ba shi da gurbi a cikin kasafin kowane tallafi, don haka ba za a iya biyansa ba sai an ƙirƙiri rasiɗan ƙarya, daga nan kuma ƙarya ɗaya za ta riƙa jawo wata. Maimakon haka kuka binciki shekarun da takardunsu suka cika, kuka rubuta mana wasiƙa a fili da ke bayyana daga lokacin da bincike ya fara da kuma dalili. A ganina wannan shi ne babban alherin da kuka yi mana, domin kuɗin da ake nema da sunan maraya amana ne mai nauyi, kuma ƙungiyar da aka kama da takardar bogi ba ita kaɗai take rasa mutunci ba, har da sauran ƙungiyoyin garin da ba su ji ba ba su gani ba. Daga baya jami'ar gidauniyar da ta zo duba wurinmu ta karanta wannan wasiƙa taku a gabanmu, ta sa ta a cikin fayil ba tare da wata tambaya ba.

Ko da yake aikinku lissafi ne, ba ku tsaya nan ba, kun buɗe mana ido game da inda damar take. Daga wurinku muka ji cewa ofishin jakadancin Japan yana da shirin tallafa wa ƙananan ayyukan al'umma, wanda ya fi karkata ga abin da ake gani a ƙasa kamar ginin aji, ƙaramin asibiti ko rijiyar burtsatse, ba albashi ko kuɗin hidimar yau da kullum ba. Mun ji labarin ƙananan tallafin kare muhalli da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa, da Asusun Bunƙasa Matan Afirka da ke birnin Accra na ƙasar Ghana, wanda ke tallafa wa ƙungiyoyin da mata ke jagoranta, da kuma Gidauniyar TY Danjuma da ke bai wa ƙungiyoyin Najeriya tallafi a fannin lafiya da ilimi. Amma kun ja mana kunne cewa kowace sanarwa tana da sharuɗɗanta game da jiha, da fanni, da shekarun rajista, kuma a karanta su tun daga farko har ƙarshe kafin a ɗauki alƙalami. Lokacin da wasu daga cikinmu suka so mu nemi tallafin dashen itatuwa saboda kawai an buɗe shi, ka tambaye mu ko mun taɓa dasa ko da bishiya ɗaya da sunan ƙungiya, ka ce mu tsaya a kan ɗinkin da muka iya kuma muke da shaidarsa. Ka kuma tuna mana cewa Kano gari ne na masu hali da masu bayarwa, ga zakka, ga wakafi, ga hukumar zakka da hubusi ta jiha, kuma attajirin da ke Kwari ko Singa shi ma hankalinsa ya fi kwanciya idan aka kai masa rahoto a rubuce kan yadda aka kashe abin da ya bayar.

Haka nan kun kare mu daga 'yan damfara. Wani saƙo ya taɓa yawo a WhatsApp da tambarin wata babbar hukumar duniya, yana cewa an ware wa ƙungiyoyin Arewa miliyoyi, a biya kuɗin fom kafin wa'adi ya cika. Ma'aikacinku ya nuna mana cewa asusun da aka ce a tura kuɗin na mutum ɗaya ne, adireshin imel ɗin kuma na Gmail ne, sannan babu wannan sanarwa a shafin hukumar na ainihi. Ya ce mai ba da tallafi na gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, kuma mun isar da wannan gargaɗi ga ƙungiyoyin da muke hulɗa da su.

Wajen tsara kasafin kuɗi ma mun ga ƙwarewarku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a shekarar ta 2024. Ma'anar wannan ga mai neman tallafi ita ce farashin keken ɗinkin da ya rubuta yau ba lallai ne ya same shi haka ba ranar da kuɗin suka iso, domin tsakanin miƙa takarda da amincewa akan ɗauki watanni. Kun sa muka karɓo farashi a rubuce daga shaguna uku a Sabon Gari, kowanne da kwanan wata, muka ware wani ɗan kaso na ko-ta-kwana a fili kamar yadda sharuɗɗan gidauniyar suka yarda, muka kuma rubuta kuɗin haya da na wuta da na sufuri yadda suke, ba tare da ɓoye su a ƙarƙashin wani suna ba. Takardarmu ta farko ba ta yi nasara ba, amma kun ba mu shawarar mu rubuta cikin ladabi mu nemi dalili, kuma amsar da aka ba mu, cewa ba mu nuna yadda za a auna amfanin horon bayan an yaye ɗalibai ba, ita muka gyara a nema na gaba. Yanzu muna da rajistar kowace ɗaliba da aka yaye, da inda take ɗinki, da ko keken da aka ba ta yana aiki.

Alhamdu lillahi, kashin farko na tallafin ya shigo, kekuna sun iso, kuma ajin da a da ɗalibai ke jiran juna a kan keke ɗaya yanzu kowace tana da wurin zamanta. Kun tunatar da mu cewa kuɗin da aka bayar don keke ba a karkatar da shi zuwa wata buƙata, komai kyawunta, sai da izinin mai bayarwa a rubuce, kuma kashi na biyu ba zai fito ba sai rahoton aiki da na kuɗi sun isa a kan lokaci. Ma'aikatanku suna duba mana rahoton kafin mu aika, kuma abin da kuke karɓa a hannunmu bai kai rabin wahalar da kuke sha ba, wannan kuwa mun sani sarai.

Muna da roƙo guda ɗaya, Ranka ya daɗe. Idan hali ya yi, muna fatan ofishinku zai riƙa ware rana ɗaya lokaci-lokaci domin zama da ma'aji da sakatarorin ƙananan ƙungiyoyin Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa da makwabtansu, a koya musu yadda ake cike bauca da daidaita littafi da bayanin banki. Mu za mu samar da wurin zama da kujeru, kuma Hajiya ta ce ita da kanta za ta zagaya ta gayyato su.

Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya sanya albarka a cikin sana'arku da iyalanku, Ya jiƙan magabatanku, Ya kuma ƙara wa ma'aikatanku haƙuri da basira. Amin.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren Kwamitin Amintattu,
a madadin ɗaukacin mambobin ƙungiya,
Kurna, Kano.