Kafin ka biya kuɗin babur ɗin nan

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na ga hotunan baburan da ka turo, na kuma lura duk manya ka zaɓo. Ba zan hana ka babur ɗin ratsa daji ba, irin wanda ake bin kwalta da shi a sauka burji a shiga yashi. Shekarunka sun kai, hankalinka ma ya kai. Ma'aunin da kake zaɓe da shi ne nake so ka sauya. Kai girman inji ya ɗauke maka ido, ni kuwa so nake ka fara duba nauyi, sai tsayin kujera, inji ya zo a na uku.

Duk wanda ya bar kwalta da babur sai ya kayar da shi, gwani da ɗan koyo, kuma yawanci ba a guje ba. Wajen juyawa a matsattsen wuri ne, ko ka sauke ƙafa ta faɗa rami, ko tayar gaba ta nutse a yashi. To ka tambayi kanka: idan ya kwanta karo na uku, ga gajiya, ga kaya a baya, ba kowa a kusa, za ka iya tayar da shi? BMW R 1250 GS da ka fi yabawa kilo 249 ne da cikakken tanki, mai babban tankin kuwa kilo 268. Yamaha Ténéré 700 wajen kilo 205. Honda CRF300L kilo 142. Ka ɗora jakunkuna da ruwan sha da kayan gyara, ka ƙara kilo 15 zuwa 20 ke nan. Shi kansa fetur, kowace lita kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, kuma a yawancin baburan can sama tankin yake, shi ya sa da ya ɗan karkata sai ya rinjaye ka. Idan daji zai fi yawa a tafiyarka, kada ka haura kilo 180. Idan kwalta ce ta fi yawa, 200 ne iyakarka. Ka kuma kula da lambar da ake rubutawa, domin wasu kamfanoni suna ba da nauyin babur ne ba mai a cikinsa. Nauyin da aka auna da cikakken tanki shi za ka nema.

Sai tsayi. An ɗaga waɗannan baburan ne don kada cikinsu ya riƙa dukan dutse, wannan ya sa kujerar ta yi sama. Ta CRF300L santimita 88 ce daga ƙasa, ta BMW G 310 GS 83.5, ta Kawasaki Versys-X 300 81.5, ta tsohuwar Royal Enfield Himalayan mai cc 411 (cc ma'aunin girman inji ne) kuwa 80. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. Kujera mai faɗi tana buɗe cinyoyi ta rage maka tsawon ƙafa, siririyar kujera a kan shokozoba mai laushi kuwa da ka zauna za ta sauka. Don haka ka je da takalmin da za ka riƙa hawa da shi, ka zauna a kai. Abin da nake so: ka ɗan gusa gefe, tafin ƙafarka ta hagu ya zauna daram a ƙasa, ta dama tana kan birkin baya. Idan sai da ɗage kake taɓa ƙasa ta kowane ɓangare, wannan ba naka ba ne tukuna. In ratar kaɗan ce, a rage soson kujera da santimita 2 ko 3, wannan ba ya taɓa komai. Sauke babur ɗin ta wajen shokozoba kuwa yana da wuyar sha'ani: cikinsa zai matso ƙasa, dole a sauke gaba daidai da baya don kada tuƙinsa ya canza, a kuma rage tsawon ƙarfen jingina shi, in ba haka ba zai tsaya a miƙe, iska kaɗan ta kayar da shi.

Inji tsakanin cc 250 da 500 ya ishe ka, har da saura. A Tarayyar Turai matashi mai lasisin A2 ba ya hawa babur ɗin da ƙarfinsa ya wuce kilowat 35, wato kimanin ƙarfin doki 47, sai ya shekara biyu a kai kafin a ba shi na gaba. Na yarda da wannan tsari ɗari bisa ɗari. R 1250 GS ƙarfin doki 136 gare shi. A kan tsakuwa, murza totur kaɗan da irin wannan ƙarfi zai sa tayar baya ta zame gefe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gargada: babur ya yi tsalle, jikinka ya koma baya, hannunka ya ja totur ba da niyya ba. Ƙaramin inji zai ba ka damar gyarawa, babba kuwa kafin ka ankara ya tafi da kai. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mai silinda ɗaya ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, yana kuma jan jiki a hankali a wuri mai wuya, sai dai yana karkarwa idan aka daɗe ana gudu a kwalta. Mai silinda biyu, irin Versys-X 300 ko Honda CB500X mai cc 471 da yanzu ake kira NX500, ya fi daɗin doguwar hanya amma ya fi nauyi. Ka faɗa wa kanka gaskiya game da inda za ka fi bi.

Amsar da ka ba kanka ita za ta zaɓa maka taya. Tayar gaba mai inci 21 tana haye rami da dutse cikin sauƙi, tana kuma riƙe hanya a yashi. Mai inci 19 ta fi natsuwa a kwanar kwalta. Rim mai wayoyi yana shanye duka, in ya lanƙwashe ana iya miƙar da shi, na zubi kuwa tsagewa yake yi idan dukan ya yi tsanani. Sai dai yawancin masu wayoyi da tub suke aiki, kuma facin tub a daji sai an cire ƙafar babur ɗin ɗungurungum. Idan shi ka zaɓa, ƙarafan ɓanɓare taya biyu ko uku, da tub na ajiya, da famfo, ba sa barin jakarka, kuma ka koyi aikin a gida kafin ranar buƙata. Marar tub kuwa ana toshe hujinta tana jikin babur. Kada ka rage iska da yawa don shiga yashi, domin rim zai cije tub a kan dutse ya huda shi wuri biyu.

Ka nemi mai ABS, birkin nan da ke hana taya ƙullewa, a kwalta mai santsi yana ceton rai. Amma ka tabbata ana iya kashe na baya, saboda a gangaren tsakuwa yakan riƙa sakin birki a lokacin da kake neman tsayawa. Tanki ma ka lissafa shi: tankin CRF300L lita 7.8 yake ɗauka, ɗan'uwansa CRF300 Rally lita 12.8, da ƙarin nauyin kilo 11 kacal. Da ni zan zaɓa maka, a nan zan tsaya, in dai ƙafarka ta kai, don kujerarsa santimita 88.5 ce.

Na hannu ya fi dacewa da babur na farko, tunda ƙujewa ba makawa. Ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyi, saboda mai wahalar tashi da mai hayaƙi suna ɓoye aibinsu idan sun yi zafi. Ka matse birkin gaba ka danna kan babur ɗin ƙasa sau da yawa, sannan ka shafa sandunan shokozoba. In ka ga zoben mai a jikinsu, robar ciki ta mutu, kuma man yana iya gangarowa kan birki. A ɗaga tayar gaba ka juya kan hagu da dama, idan yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci. Ka ja sarƙa baya daga bayan faifanta, in ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, ko haƙoran sun yi tsini sun karkata, sarƙa da faifai biyun duk sai an sauya su tare. Ka ƙwanƙwasa wayoyin rim ɗaya bayan ɗaya da sukundireba, mai sako-sako ƙararsa a dushe take. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara biyar ka sa kuɗin sabuwa a lissafi ko da zanenta bai cinye ba. Ka buɗe gidan matatar iska, idan ka ga ƙura ta wuce matatar zuwa ciki, injin ya sha ƙasa, ka bar shi. Lambar jiki da ta inji su yi daidai da na takardu. Kuma kowane iri ne, ka fara tabbatar da akwai kayan gyaransa da bakaniken da ya san shi a inda kake.

Kada kuɗin ya ƙare a babur. Ka ware na hular kwano mai rufe haɓa, mai shaidar inganci ta Turai, wato ECE 22.06, sabuwa, ba wadda wani ya taɓa faɗuwa da ita ba. Sai dogon takalmi mai tauri da ke rufe idon sawu da ƙwauri, domin ƙafa babur ke dannewa idan ya kwanta. Sai safar hannu, da riga da wando masu kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwa. A jikin babur kuma, kariyar hannu don kada hannun kuloci ya karye, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Ranar da ya zo hannunka, ka kwantar da shi a kan ciyawa ka koyi tayar da shi. Kashe inji, sa giya ta ɗaya don kada ya gangara, in ta dama ya faɗi ka fara buɗe ƙarfen jingina. Juya masa baya, ka tsuguna ka jingina ƙugunka da kujera, hannu ɗaya a kan sitiyarin da ke ƙasa, ɗaya a ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu da ƙananan taku, bayanka a miƙe.

Ka tace zaɓinka ya koma biyu, ka hau kowanne, ka rubuto mini nauyinsu da yadda ƙafarka ta zauna a ƙasa. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai mun yi magana. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.