Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Kauran Gwandu: gara na cinye takardunmu

Assalamu alaikum mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, ranka ya daɗe. Ya aiki ya jama'a, Allah ya yi riƙo da hannunka.

Maganar takardu ce ta sa ni rubuto maka, fayil-fayil na ma'aikata da rijistoci da tsofaffin littattafan malamanmu. Na san in anka jera matsalolin jiha wannan ba ta shiga sahun gaba, tsaro na nan, asibiti na nan, taki na nan, amma wallahi ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya.

Kwanan baya na sayi tsire da dare, mai tsiren ya naɗe min a wata takarda, sai da na zo gida na buɗe na ga ashe takardar ƙarin girma ce ta wani ma'aikaci, ga sunanshi ga lambar fayil ɗinshi ga hatimi ga sa hannu da jan biro, mai da yaji sun jiƙe rabinta. Na kasa cin naman nan, saboda na san abin da rashin irin wannan takarda yake yi ma mutum. Mahaifina malamin firamare ne, takardar kama aikinshi tun ta jihar Arewa maso Yamma ce, yana cikin aiki anka yi jihar Sakkwato a 1976, yana ciki anka yanke Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, ka ga fayil ɗaya ya yi ƙaura har sau biyu. Da aka zo sikirinin, wato tantance 'yan fansho, sai aka ce ba a ga fayil ɗinshi ba. Ni na riƙa kai shi wani ofishi a kan mashin, tsoho da ciwon ƙafa, yau a ce mai mabuɗi bai zo ba gobe a ce mu dawo wani sati. Ranar da wani masinja ya tausaya ya buɗe mana sito, abin da na gani bai barin raina: fayiloli jibge a ƙasa har kusan rufi, ruwan ɗigon kwano ya manne wasu sun koma kamar bulo, gara ta yi gini a jikin bango ta shige cikinsu, in ka ɗaga guda sai ƙasa ta zubo da kashin ɓera. Abin da ya cece mu wata tsohuwar leda ce da mahaifiyata ta ajiye a ƙasan adaka, da kwafin takardar kama aiki a ciki. Wanda matarshi ba ta yi wannan dabarar ba fa?

Ranka ya daɗe kai malami ne, ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa NUT, ba sai na gaya maka yadda tsohon malami ke ji ba in an ce mishi shekara 35 ɗin da ya yi yana shan alli babu shaidarta.

Kuma abin bai tsaya kan fansho ba. Rigimar gona nawa ce ke kotu don takardar fili ta ɓata ko an samu biyu kan fili ɗaya? Mara lafiya ya je asibiti a ce katinshi ya ɓata a buɗe sabo, likita bai san maganin da anka ba shi bara ba. Ma'aikatan bogi ma ai cikin irin wannan duhun suke ƙiba.

Masu bincike kan harkar adana bayanai sun daɗe da nuna cewa takarda tana da matakan rayuwa. Akwai lokacin da ake aiki da ita kullum a kan tebur, akwai lokacin da buƙatarta ta ragu sai a kai ta ma'ajiya ta wucin gadi, daga nan sai ƙwararre ya duba ya yanke, wannan a ajiye har abada wannan a ƙone ta bisa ƙa'ida da sa hannun mai izini. Kaɗan ne ma ke cancantar ajiya ta dindindin. Mu kuwa ba mu da wannan jadawalin a aikace, shi ya sa takardar neman hutun kwana uku take kwance a kan takardar iyakar ƙauye biyu, duk gara ta haɗa ta cinye, wadda ta tsira kuma a sayar ma mai ƙosai. Sannan sashen rijista a ofisoshi da yawa an mai da shi wurin horo, wanda oga ya yi fushi da shi nan ake tura shi, alhali ga yaranmu da sunka karanta ilimin laburare da sarrafa bayanai a Zariya da Kano suna zaune gida.

Na san wasu za su ce ai yanzu zamanin kwamfuta ne a yi sikanin kawai, wato a ɗauki hoton takardun a zuba a na'ura, a huta. A yi, amma sikanin babu tsari jibga shara ce daga sito zuwa cikin na'ura, in ba a sa ma kowace takarda suna da kwanan wata da lamba ba har abada ba mai gano ta. Kuma na'urar ma tana mutuwa, wa ke da abin karanta faifan CD ɗin da munka zuba hotunan biki shekara goma sha biyar da sunka wuce? Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari daban, kuma mu da munka ga ambaliyar 2020 mun san dalilin wannan. Abin da ya fi ba ni tsoro ma aikin ofis da ya koma WhatsApp, a tura umarni ta waya, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko jami'in ya bar aiki shi ke nan an shafe tarihin. Ga dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, duk ba su aiki inda takarda ba ta da mazauni.

Sai ɗayan ɓangaren da ya fi sosa min rai. Mu ne fa ƙasar Malam Abdullahin Gwandu, mutumin da ya rubuta tafsiri da fiƙihu da nahawu da tsarin mulki, har yau ana karanta shi a zaure da jami'a. A gidajen malamai na Gwandu da Jega da Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri akwai littattafan hannu cikin gafaka, na Larabci da ajami na Hausa da Fulatanci, da wasiƙun sarakuna da rijistocin alƙalai. Na taɓa gani da idona, jikan wani malami ya kwance gafaka gabana, gefen takardun na karyewa kamar busasshen ganye, tawadar kuwa raɗau kamar jiya anka rubuta. In malamin gida ya rasu sai a raba littafi gado, wannan ya ɗauki rabi wancan rabi. A Tumbuktu ta ƙasar Mali a Janairun 2013 'yan bindiga sun cinna wuta a cibiyar Ahmad Baba mai adana tsofaffin littattafan hannu, amma mafi yawan littattafan garin sun tsira don mutane sun riga sun kwashe su cikin akwatuna zuwa Bamako. Namu ba wanda ya kawo musu hari, sakaci ne kawai ke cinye su.

Yau ɗalibin da ke son rubuta tarihin Kabi ko Zuru sai ya nemi kuɗin mota zuwa ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Madalla da su, amma jiha mai masarautu huɗu da ƙananan hukumomi 21, mai gidan tarihi na Kanta a Argungu, ta isa a ce ana zuwa wurinta neman kwafi.

Roƙona ranka ya daɗe a fara da bincike kafin kwangila. A ba jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha ta Aliero da kwalejin Waziri Umaru kuɗi su zaga ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi su gano me ke akwai, ina yake, wane hali yake ciki, me ya fi gaggawa. Daga sakamakon sai a kai ƙudiri majalisar jiha a yi doka mai faɗin shekara nawa kowace irin takarda za ta yi da wanda ke da ikon lalata ta, a tanadi gini guda a kan tudu nesa da fadama, mai kanta na ƙarfe da sola da ƙwararrun ma'aikata da kasafinshi na kanshi. Littattafan malamai kuwa kar a ce a kawo, ba za su bayar ba kuma suna da gaskiya, a bi ta hannun sarakuna a je har zaure a ɗauki hoto a gaban mai su, a ba shi kwafi da akwatin ajiya mai kyau a bar mishi abinshi.

In ka samu sarari wata rana, ba tare da sanarwa ba, ka tsaya kowace ma'aikata ka ce a buɗe maka siton fayil, ka sa hannu ka ɗago na ƙasa. Takardar tsiren nan tana wurina na shanya ta na sa a leda, ina ta cigiyar mai ita ko 'ya'yanshi.

Wassalam. Naka, ɗan wani tsohon malamin firamare, daga Jega.