A Daina Sauya Doka Ana Tsakiyar Gasa

Ranka ya daɗe Edita,

Ƙorafi gare ni kan tseren motoci na mita 402 da hukumar NHRA ke shiryawa a Amurka. Tun da kamfanin Ford ya fito da motarsa ta tsere Cobra Jet a 2008, kamfanin Chevrolet ya biyo da tasa COPO Camaro a 2012, mai haɗa motarsa a garejin gida ya shiga uku. Ina shi ina ja da injiniyoyin kamfani?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne taɓa doka ana cikin kakar gasa: a ƙara wa wannan mota nauyi, a rage wa waccan iskar da ake cusa wa inji, wai don daidaito. Direba ya gama zuba dalolinsa, sai ya wayi gari ma'auni ya canza. Don Allah a kafa doka tun farkon shekara, a bar ta.

Naka,
Wani mai karatu